Wai ɓangaren wa Najeriya ta bi a Yaƙin Cacar Baka?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina ajin ƙarshe a kwalejin ilimi, tarihi nake karantawa, an kuma ba mu aiki kan Yaƙin Cacar Baka. Abin da ke cikin littafi na gane shi: Amurka da ƙawayenta na NATO tun 1949, Tarayyar Sobiyet da nata na Yarjejeniyar Waso tun 1955, nan jari-hujja, can gurguzu, kowa yana tara makaman ƙare-dangi, har Sobiyet ta wargaje a 1991.

Inda kaina ya ɗaure shi ne matsayinmu. Malaminmu ya ce Najeriya 'yar gaban goshin Turawan Yamma ce tun daga samun 'yanci. Kakana kuwa tsohon soja ne, da shi aka yi yaƙin basasa, ya ce in je in gaya wa malamin cewa jirgin da ke wucewa ta kansu a fagen daga ƙirar Rasha ne, Amurka ko harsashi ba ta sayar musu ba. To wa zan bi a cikinsu? Don Allah wanda ya san abin nan ya taimaka min.

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'a. Ki gaishe min da kakanki, ki ce masa gaskiyarsa ce. Malaminki ma bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya a zamanin Jamhuriya ta Farko bai ƙarasa ba.

A zamanin Sir Abubakar Tafawa Balewa, babu ko tantama mun jingina da Yamma. Da yarjejeniyar tsaro tsakaninmu da Birtaniya muka karɓi 'yanci a 1960, sai da ɗalibai suka yi ta zanga-zanga kafin a soke ta a Janairun 1962. A Yulin 1961 Firayim Minista ya ziyarci Kennedy a Washinton. Ofishin jakadancin Sobiyet a Legas kuwa an taƙaita masa yawan ma'aikata, littattafan gurguzu ana sa musu ido, mai son zuwa karatu Mosko sai ya sha wuya. Mun shiga ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu a 1964, amma kowa ya san inda zuciyar gwamnati take.

Yaƙin basasa ne ya juya lissafin. Da aka fara shi a Yulin 1967, Gowon ya nemi makamai wurin abokan da aka saba. Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare ba. Birtaniya ta ba da bindigogi da harsasai da motoci masu sulke, amma ta hana jiragen yaƙi. Sai aka tura Anthony Enahoro, kwamishinan yaɗa labarai na tarayya, Mosko, kuma a watan Agustan shekarar nan jiragen MiG suka fara sauka a filin jirgin saman Kano, a kwance cikin manyan jiragen dakon kaya, nan aka harhaɗa su. Aka ƙara da ƙananan jiragen Delfin na Cekoslobakiya, matuƙa da yawa kuma 'yan Masar ne, don Nasser a lokacin yana tare da Mosko. Jirgin da kakanki ya gani ke nan.

Yanzu ki duba yadda aka jeru a wannan yaƙi, domin nan ne taswirar littafinku ta daina aiki. Birtaniya, jigo a NATO, tana gefe ɗaya da Tarayyar Sobiyet, dukansu suna ba Legas makamai. Faransa, ita ma 'yar NATO, tana tura wa Biyafara makamai ta Gabon da Kodibuwa. Fotugal, wata 'yar NATO ɗin, ta buɗe wa Biyafara Lisbon da tsibirin Sao Tome. Sin mai gurguzu ta furta goyon bayanta ga Biyafara, ba don komai ba sai don ta ɓata da Mosko a lokacin. Birtaniya rijiyoyin mai na Shell-BP take karewa, tana kuma tsoron in ta ja da baya Rasha ta gaje wurin. De Gaulle, shugaban Faransa, so yake a rage wa Najeriya girma a tsakiyar ƙasashe rainon Faransa. Mosko ƙofa take nema a ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka. Wa ya yi maganar jari-hujja ko gurguzu a nan? Babu.

Kuma da yaƙi ya ƙare a Janairun 1970, ba mu zama 'yan gurguzu ba. Gowon ya je Mosko godiya a 1974, aka ƙara yawan ɗalibai masu zuwa karatu, daga baya aka ba su kwangilar kamfanin ƙarafa na Ajaokuta a 1979. Amma hafsoshinmu ba su fasa zuwa horo Ingila ba, kuma Amurka ce babbar mai sayen ɗanyen manmu a lokacin.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne Angola, don wannan da wayona, ina makarantar horon malamai. Mahaifina yana da akwatin rediyo mai gajeren zango, da magariba a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗora ta kan turmi, yana murɗa ta a hankali daga BBC zuwa Muryar Jamus zuwa Rediyon Mosko, dukansu da Hausa. Labari ɗaya, amma wanda wannan tasha ta kira ɗan gwagwarmaya, waccan ta kira shi ɗan tawaye. A nan na fara jin sunayen Neto da Roberto da Savimbi.

Sojoji suka kifar da gwamnatin Fotugal a Afrilun 1974, sabbin masu mulki suka ce sun gaji da yaƙin mulkin mallaka, aka sa ranar 11 ga Nuwamba 1975 don 'yancin Angola. Ƙungiyoyi uku ke neman mulki: MPLA ta Agostinho Neto mai samun taimakon Mosko da Kyuba, FNLA ta Holden Roberto wadda Mobutu na Zayar da hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ke riƙe da ita, sai UNITA ta Jonas Savimbi. Shi Savimbin nan da Amurka ta zo ta ɗauke shi gwarzon yaƙi da gurguzu, a ƙasar Sin ya yi horon soja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da su ukun sun haɗa kai, da ba a samu ƙofa ba.

Da farko Najeriya gwamnatin haɗin gwiwa take nema musu. Abin da ya sauya ra'ayin Janar Murtala shi ne tabbacin da ya samu cewa sojojin Afirka ta Kudu, gwamnatin wariyar launin fata, sun kutsa Angola tun watan Oktoba suna dannawa Luwanda tare da UNITA da FNLA. Castro na Kyuba ya turo dubban sojoji a Nuwamba suka tare su. Ranar 25 ga Nuwamba 1975 Najeriya ta amince da gwamnatin MPLA, ta kuma ba ta dala miliyan 20. Shugaban Amurka Gerald Ford ya rubuto wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu matsayin da za su ɗauka a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Gwamnatinmu ta miƙa wasiƙar ga jaridu, haɗe da amsa mai zafi. Ranar 11 ga Janairu 1976 Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya ce Afirka ta balaga, ta wuce a riƙa ba ta umarni daga wata nahiya. Ƙuri'a ta tashi 22 da 22, amma cikin 'yan makonni ƙungiyar ta karɓi MPLA. Ranar 13 ga Fabrairu aka kashe shi a Legas, Allah ya ji ƙansa. A Afrilun shekarar Kissinger, sakataren harkokin wajen Amurka, ya so biyowa ta Legas a rangadinsa na Afirka, aka ce ba a shirya karɓarsa ba.

Murtala ba ɗan gurguzu ba ne, 'yata, ko kusa. Musulmi ne ɗan Kano da ya yi horo a Sandhurst. Lissafinsa shi ne duk wanda ya haɗa kai da masu wariyar launin fata ya fita daga sahunmu, ko da wa yake tare. Wannan shi ne ma'aunin Najeriya a shekarun nan, ba Mosko ba, ba Washinton ba. Har yau in na tuna da shi sai in ji ƙwalla ta taru min, don na ga lokacin da ƙasar nan ta yi magana duniya ta saurara.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Ƙanwata, bari in ƙara miki da namu na Nijar, don mu ba mu samu sararin da Najeriya ta samu ba.

A ƙuri'ar raba gardama ta 1958, Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba sun ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa. Suka faɗi, aka ture shi, aka haramta jam'iyyar a 1959, Jori Hamani ya hau. A 1961 aka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Faransa wadda ta shafi har da ma'adinai masu muhimmanci ga soja, kin kuwa san yuraniyom ɗin Arlit na nan tafe. 'Yan Sawaba da suka yi gudun hijira, wasu Kano suka faɗa wurin 'yan NEPU, wasu Gana wurin Nkrumah, matasansu kuma aka kai su horon yaƙi Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa. A ƙarshen 1964 suka shigo ta kan iyakoki da makamai, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A Afrilun 1965 aka jefa wa Jori gurneti a filin idi na Yamai ranar babbar salla, ya tsira.

Kakata ta ce a shekarun nan ko hoton raƙumi, alamar Sawaba, aka gani a ɗakinka ka shiga uku. Katin jam'iyyar mijinta a cikin tukunyar daddawa ta ɓoye shi, daga baya ta ƙone. Mijin nata manomin gyaɗa ne, bai san wane ne Mao ba, kukansa haraji da sarakuna ne. Amma a takardun Paris ɗan kwaminis ne. Shi ya sa in aka ce yaƙin na baka ne kawai, nakan ce a Turai ne ya tsaya a baka.

Injiniya Mai Ritaya ya rubuta:

Malam, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ban ga inda zan gyara maka shekara ko suna ba. Amma ban yarda da kai ba inda kake nuna kamar kowa buƙatarsa kawai ya bi, aƙida ba ta da wuri.

Ni a Tarayyar Sobiyet na yi karatu, a wani gari na masana'antu a Yukiren, farkon shekarun 1980, fannin narkar da ƙarfe. Ɗan talaka ne ni, ubana ko kuɗin mota zuwa Legas ba shi da shi. Ban biya ko kwabo ba, ga ɗaki, ga alawus duk wata, ranar da muka sauka har rigar sanyi da hula da takalmi aka kai mu kanti aka saya mana. Shekarar farko harshen Rashanci kawai muka yi. Akwai darasin Markisanci na dole, mukan zauna mu rubuta mu ci jarrabawa, mu koma ɗaki mu ja labule mu yi sallarmu. Na bi layin nama cikin ƙanƙara, na ga yadda abokan karatunmu 'yan ƙasar ke rage murya in hira ta zo kan gwamnati. Ban manta da yadda suka afka wa Hangari a 1956 ba, ko Cekoslobakiya a 1968, ko Afganistan da suka shiga a 1979, muna can ana kawo gawarwakin samarinsu. Ba wanke su nake yi ba.

Amma tsohuwar da ta koya mana Rashanci, wadda ta rasa 'yan'uwanta a Yaƙin Duniya na Biyu, da zuciya ɗaya ta yarda cewa koyar da ɗan Afirka aikin 'yantar da ɗan Adam ne. Kuma Kyuba fa? Me ta kwasa a Angola? Sojojinta sun kai wajen 50,000 a 1988, sama da 2,000 suka mutu can. Bayan gumurzun Kwito Kwanabale a kudancin Angola aka sa hannu a yarjejeniyar Niyok a Disambar 1988, Namibiya ta samu 'yanci a Maris 1990. Mandela da kansa ya je Kyuba a Yulin 1991 ya yi godiya. In wannan ba aƙida ba ce, mene ne?

Ajaokuta kuma da ake ta ambato, sun gina, injuna suna nan a gaɓar Kwara. Rashin kunna babbar tanderun ba laifin Yaƙin Cacar Baka ba ne, namu ne.

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri, har na cika shafi huɗu. Baba Malam, ina son jin amsarka ga Baba Injiniya, don a nan ne nake ganin za a yi min tambaya. Akwai inda manyan ƙasashen nan suka yi watsi da aƙidarsu a fili, ba a ɓoye ba?

Tsohon Malami ya rubuta:

Injiniya, Allah ya ja kwana. Malamarka na yarda da ita, sojan Kyuba da ya bar ƙashinsa a Angola ma na yarda da shi, kuma ba zan taɓa raina jininsa ba. Ba mutane nake zargi ba. Fadojin mulki nake nufi, Kremlin da Fadar White House, inda ake zama a auna wane ne za a riƙe, wane ne za a saki.

'Yata, misali biyu zan ba ki. Na farko a Angolan dai. Gwamnatin MPLA mai ikirarin Markisanci da kuɗin mai take yaƙi, man kuwa kamfanin Amurka na Gulf Oil ke haƙo shi a Kabinda, sojojin Kyuba suna gadin wurin. A Mayun 1985 aka kama kwamandojin Afirka ta Kudu sun lallaɓo za su fasa ma'ajiyar man wannan kamfani. A Janairun 1986 kuma Reagan ya karɓi Savimbi a fadarsa, aka ba shi makamai masu linzami na Stinger. Wato kuɗin kamfanin Amurka na biyan yaƙi da mutumin da gwamnatin Amurka ke ba makami. Manyan suka gama nasu suka tafi, 'yan Angola suka ci gaba da kashe juna har sai da aka kashe Savimbi a Fabrairun 2002, ga nakiyoyi binne a gonaki ana ta tonowa har yanzu.

Na biyu ya fi wannan fitowa fili, shi ne Habasha da Somaliya. A zamanin Sarki Haile Selassie, Habasha ta Amurka ce, tana da tashar sauraron sadarwa ta Kagnew a Asmara, ita ke ba sojojin sarki makamai da horo. Somaliya kuwa ta Mosko ce: Siyad Barre ya hau mulki a 1969 ya ayyana gurguzu, a 1974 ya ƙulla yarjejeniyar abota da Sobiyet, ya ba su tashar jiragen ruwa ta Barbara, su kuma suka gina masa runduna mai tankoki da jiragen MiG. Sai sojoji suka tuɓe sarki a 1974, Mengistu Haile Mariam ya fito a kan gaba, shi ma ya ce ɗan Markisanci ne, a Afrilun 1977 ya rufe Kagnew ya sallami Amurkawa. Mosko ta wayi gari da abokai biyu masu gaba da juna a kan yankin Ogaden. Castro ya tara su a Adan a Maris 1977 ya roƙe su su haɗe a tarayya ɗaya ta 'yan gurguzu, Siyad Barre ya ƙi, don shi Ogaden yake so.

A Yulin 1977 Somaliya ta kai hari, ta ci Jijiga, ta kewaye Harar. Mosko ta auna ta ga Habasha ta ninka Somaliya yawan jama'a sau da yawa, sai ta zaɓi Habasha. A Nuwamba Siyad Barre ya kori mashawartan Sobiyet, wasu daga cikinsu kai tsaye suka tsallaka Adis Ababa, da sanin sirrin rundunar da suka horar da hannunsu. Aka yi ta jigilar makamai ta sama, Janar Petrov na Sobiyet ya ja ragamar shiri, dubban sojojin Kyuba ƙarƙashin Janar Ochoa suka shiga fagen daga. Ka ga Injiniya, Kyubar da ta tare masu wariyar launin fata a Angola, ita ce a nan take harbin sojojin wata ƙasar Afirka mai kiran kanta 'yar gurguzu, don ta kare Mengistu a daidai lokacin da yake zubar da jinin matasa a titunan Adis Ababa. A Maris 1978 Somaliya ta janye. A 1980 Siyad Barre ya sa hannu ya ba Amurka damar amfani da Barbara, tashar da Rashawa suka gyara, Amurka kuma ba ta tambaye shi ina gurguzun da ya ayyana ba.

Da Gorbachev ya fara janye hannu a ƙarshen shekarun 1980, ita ma Amurka ta rage taimako, duka biyun ba su daɗe ba. Siyad Barre ya tsere daga Mogadishu a Janairun 1991, ya ƙare rayuwarsa a Legas a 1995. Mengistu ya gudu Zimbabuwe a Mayun 1991.